Zora Arkus-Duntov (1909–1996): Rayuwarsa da Labarin Motoci Biyar na Corvette Grand Sport

Tsakure

Wannan takarda ta bi diddigin rayuwar Zora Arkus-Duntov, injiniyan da ya shafe kusan shekara 22 yana renon motar Corvette a kamfanin General Motors na Amurka. An fi tsayawa a kan Grand Sport, motar tseren da aka ƙudurta ƙera guda 125 a shekarar 1963 amma aka tsaya a kan biyar, domin a ƙirarta da kuma dalilin dakatar da ita ne ake ganin iyakar abin da ma'aikaci mai basira zai iya cim ma a cikin kamfanin da ba nasa ba.

1.0 Gabatarwa

Tarihin rayuwar mutane da ake rubutawa da Hausa ya fi karkata ga sarakuna da malamai da mawaƙa da 'yan siyasa. Masu ƙere-ƙeren zamani ba su cika samun shiga ba, wataƙila saboda zaton da ake yi cewa kalmomin fannin za su gagara. Alhali kuwa kanikawa sun daɗe da hausantar da kafireta da fulogi da bawul da shasi, kuma da irin waɗannan kalmomi nasu aka yi aiki a nan. Ƙarfin doki, wanda za a riƙa cin karo da shi, ma'aunin ƙarfin inji ne. Doki ɗaya ya yi daidai da wat 746.

Masu sha'awar motoci a Amurka suna yi wa Arkus-Duntov laƙabi da uban Corvette. Laƙabin yana buƙatar gyara. Harley Earl, shugaban sashen zane na General Motors, shi ne ya kawo tunanin motar, kuma an riga an baje ta a gaban jama'a kafin Arkus-Duntov ya shiga kamfanin. Idan za a yi adalci, uban goyo ya kamata a kira shi: ya tarar da ita tana neman mutuwa a jaririya, ya raine ta har ta zama abin da aka sani a yau.

2.0 Daga Beljiyam zuwa Amurka

An haife shi ranar 25 ga Disamba, 1909, a babban birnin Beljiyam. Iyayensa Yahudawan Rasha ne. Mahaifinsa, Yakov Arkus, injiniyan ma'adinai ne, mahaifiyarsa Rachel Kogan kuwa tana karatun likita. Yana ƙarami suka koma birnin da daga baya aka sa wa suna Leningrad, inda ya taso cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya da juyin juya halin 1917. Auren iyayensa ya mutu, mahaifiyar ta haɗu da wani injiniyan lantarki mai suna Josef Duntov, amma mahaifin bai bar gidan ba. Don girmama mutanen biyu, Zora da ƙanensa Yura suka haɗa sunayensu, suka zama Arkus-Duntov.

A 1927 iyalin suka ƙaura zuwa Balin. A can ya fara tseren babur, ya kuma kammala karatun injiniyanci a babbar makarantar fasaha ta Charlottenburg a 1934. Zaman Jamus ya gagari Bayahude a wancan zamani, sai ya koma Faris, inda ya auri Elfi Wolff, 'yar Balin mai sana'ar rawa, a Fabrairun 1939. Da yaƙi ya ɓarke shi da Yura suka shiga rundunar sojan sama ta Faransa. Faransa ta faɗi a 1940. Elfi ta tsere daga Faris a cikin ƙaramar motarsu ƙirar MG sojojin Jamus na biye, iyalin suka sami takardun fita ta Sifaniya, suka hau jirgin ruwa daga Fotugal, suka sauka Niyu Yok a ƙarshen shekarar.

A Niyu Yok 'yan'uwan biyu suka kafa kamfanin Ardun, sunan da suka ciro daga farkon Arkus da farkon Duntov. Sun yi wa soja kayan ƙarfe lokacin yaƙi, bayan yaƙi kuma suka fito da abin da ya fara fitar da sunan Zora. Injin Ford mai silinda takwas na wancan lokaci bawulolinsa a gefe suke, a cikin gangar injin, hayaƙi kuma yana ratsa gangar kafin ya fita, don haka injin yakan yi zafi, numfashinsa kuma gajere ne. Ardun ta ƙera sabon murfin silinda na alminiyam wanda ya mayar da bawulolin sama, ya kuma yi wa ɗakin ƙonewar mai siffar rabin ƙwarya. Kasuwar ba ta yi albarka ba, kamfanin ya durƙushe, amma samarin Amurka masu sauya injinan tsofaffin motoci don gudu suka rungumi murfin. Daga nan ya tafi Ingila ya yi aiki da kamfanin Allard, ya tuƙa motocinsu a tseren awa 24 na Le Mans a 1952 da 1953. A 1954 da 1955 ya sake komawa a cikin Porsche 550, ya zo na ɗaya a rukunin ƙananan injina duk sau biyun.

3.0 Shigarsa General Motors

A Janairun 1953 General Motors ta yi bajekolinta a otal ɗin Waldorf-Astoria da ke Niyu Yok. A nan ya fara ganin Corvette. Surarta ta burge shi, abin da ke ƙarƙashin bonet kuwa ya ba shi takaici. Ya rubuta wa Ed Cole, babban injiniyan Chevrolet, takardar neman aiki, aka ɗauke shi ranar 1 ga Mayu, 1953, a ƙaramin muƙami, yana ɗan shekara 43.

Takaicin nasa yana da hujja. Corvette ta 1953, wadda aka ƙera guda 300 kacal a garin Flint, dukkansu farare masu jan ciki, tana ɗauke da tsohon inji mai silinda shida, lita 3.9, ƙarfin doki 150, da giya otomatik mai hawa biyu. Bodinta na faiba ne, wato zaren gilas da aka cuɗa da ƙaro, abin da ya kasance sabo a lokacin, amma mai neman gudu bai sami gudu ba, mai neman jin daɗi kuma ruwan sama ya same shi a ciki. A 1954 an ƙera 3,640, da yawansu suka yi kwantai. A 1955 aka sauko zuwa 700, a shekarar da Ford ta sayar da Thunderbird fiye da 16,000.

Tun Disambar 1953 Arkus-Duntov ya rubuta wa shugabanninsa wata takarda da ta shahara daga baya. Hujjarsa ita ce, samarin da ke sauya injina duk a kan Ford suka ƙware, kuma wanda ya saba da Ford yana saurayi Ford zai saya idan ya yi kuɗi. Don haka Chevrolet ta tanadar musu kayan ƙara gudu da hannunta. Da aka fara maganar kashe Corvette, ya sake rubutu yana nuna cewa janyewa a daidai lokacin da Ford ta shigo fagen tamkar amsa kaye ne a bainar jama'a. Sabon inji mai silinda takwas, lita 4.3, wanda ayarin Ed Cole suka ƙera, ya shiga Corvette a 1955 da ƙarfin doki 195. Shi kuma ya ɗauki nauyin nuna wa duniya abin da injin zai iya, da kansa a bayan sitiyari. A Satumban 1955 ya kafa tarihin hawan dutsen Pikes Peak da motar Chevrolet cikin minti 17 da daƙiƙa 24. A Janairun 1956, a kan rairayin gaɓar tekun Daytona, ya kai Corvette gudun kilomita 242 a awa, da taimakon wani kamshaf da ya zana wanda har yau da sunansa ake kiransa. A 1957 aka sa wa injin lita 4.6 na'urar fesa mai a madadin kafireta, ya ba da ƙarfin doki 283.

4.0 Haramcin tsere

A 1957 ya gina Corvette SS, motar tsere zalla mai shasin siraran bututu da bodin magniziyam. An kai ta tseren awa 12 na Sebring a Florida a hannun John Fitch da Piero Taruffi ba ta gama nuna ba. Bodin ya riƙa tara zafi yana gasa direba, burki ya yi gardama, aka janye ta bayan zagaye 23. Kafin a gyara kurakuran, a Yunin shekarar, ƙungiyar masu ƙera motoci ta Amurka ta amince kamfanoni su tsame hannunsu daga tsere.

Yana da kyau a dubi wannan mataki da idon mutanen lokacin. Ranar 11 ga Yuni, 1955, wata Mercedes ta tashi sama a Le Mans ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka mutu. Arkus-Duntov yana cikin masu tuƙi a wannan tsere. A Amurka kuma 'yan majalisa sun fara tambayar dalilin da ya sa kamfanoni ke tallar gudu alhali haɗurra na cin rayuka a tituna. General Motors tana da wani tsoron na daban: wajen rabin motocin da ake sayarwa a ƙasar nata ne, kuma ana raɗe-raɗin gwamnati za ta iya tsaga ta a ƙarƙashin dokar hana babakere. Kamfani mai wannan matsayi ba ya bukatar kofin tsere, abin da yake bukata shi ne kada a riƙa ambatonsa a majalisa. Arkus-Duntov bai taɓa yarda da wannan lissafi ba. A ganinsa motar gudu da ba a gwada ta a fagen tsere ba zance ce kawai, kuma shekarun da suka biyo baya ya yi su yana neman kafar da zai bi ta bayan dokar, galibi ta hanyar jera kayan tsere a cikin littafin odar kamfani don masu zaman kansu su saya.

5.0 Grand Sport

Corvette Sting Ray ta 1963 ita ce ta farko da ya sa wa hannu tun daga tushe. Ya raba tayoyin baya, kowace tana hawa da sauka ita kaɗai a kan sifirin ɗaya da aka gicciye, abin da ya sauya yadda motar ke riƙe hanya. Ya yi jayayya da Bill Mitchell, magajin Earl a sashen zane, a kan sandar da ta raba gilashin baya biyu, domin tana tare wa direba gani. Mitchell ya yi nasara a 1963, aka cire sandar a 1964. Ga masu tsere kuma ya tanadi wani tsari mai lamba Z06, mai ƙarfafan burki da sifirin, wanda aka ƙera guda 199.

Sai dai a Oktoban 1962, a filin Riverside na Kalifoniya, Z06 ta gamu da Cobra, ƙaramar motar Ingila da Carroll Shelby ya dasa wa injin Ford. Corvette ce ta ci tseren, amma sai bayan da Cobra, wadda ta yi mata fintinkau, ta karye ta tsaya. Kowa ya ga inda matsalar take. Sting Ray ta haura kilo 1,300, Cobra kuwa wajen kilo 1,000 take. Ford ma ta riga ta fice daga yarjejeniyar 1957 tun a Yunin 1962. Da goyon bayan Semon Knudsen, shugaban Chevrolet, Arkus-Duntov ya riga ya fara wani aiki a ɓoye, wanda injiniyoyinsa ke kira marar nauyi. Dokar hukumar tseren motoci ta duniya ta ce sai an ƙera aƙalla 100 kafin a karɓi mota a rukunin motocin kasuwa, don haka aka tsara 125.

Daga nesa Grand Sport ta yi kama da Sting Ray, kuma da gangan aka yi haka, amma kusan babu abin da suka haɗa sai sura da tazarar mita 2.49 tsakanin tayoyin gaba da na baya. Shasinta manyan bututun ƙarfe biyu ne a miƙe, an haɗa su da wasu a gicciye kamar tsani. Ƙashin da ke riƙe da rufi da ƙofofi, wanda na ƙarfe ne a motar kasuwa, an yi shi da alminiyam. Bodin faiba an sirantar da shi zuwa kaurin milimita ɗaya, har yatsa na iya lotsa shi. An cire fitilun gaba masu juyawa tare da motocin lantarkinsu, aka kafe wasu a bayan murfin roba mai haske. Tagogin gefe da na baya ma na roba ne, kuma babu sandar nan ta Mitchell. Rim ɗin na magniziyam ne ƙirar Halibrand, akwatin giya mai hawa huɗu da akwatin haƙoran baya na alminiyam, burki kuma na faifai ne a tayoyi huɗu, shekara biyu kafin Corvette ta kasuwa ta sami irinsa a 1965. Da aka ɗora ta a sikeli ba ta kai kilo 900 ba. An zubar da kusan rabin tan ke nan ba tare da an taɓa inji ba.

Injin da aka yi mata niyya lita 6.2 ne, gangarsa ta alminiyam, da ɗakin ƙonewa mai siffar rabin ƙwarya irin na Ardun da fulogi biyu a kowace silinda, ana sa ran ƙarfin doki 550. Wannan inji bai taɓa shiga tsere ba. A Disambar 1962 aka gwada mota ta farko a Sebring da injin wucin gadi, sakamakon ya yi kyau, labari kuma ya kai kunnen Frederic Donner, shugaban General Motors. A farkon 1963 umarni ya sauko cewa kamfanin yana nan a kan yarjejeniyar 1957. A lokacin motoci biyar aka kammala, masu lamba 001 zuwa 005.

Biyar ba ɗari ba ce, kuma wannan ya rushe manufar tun daga gindi. Tun da ba a karɓe ta a rukunin motocin kasuwa ba, Grand Sport ba za ta kara da Cobra a neman kofi ɗaya ba. Sai dai a jefa ta cikin motocin da aka gina don tsere kawai, waɗanda suka fi ta sauƙi da ƙanƙanta. Duk da haka Arkus-Duntov ya zurara biyu zuwa hannun masu zaman kansu, Dick Doane da Grady Davis, da injin kasuwa mai lita 5.4 da ƙarfin doki 360. Dick Thompson, likitan haƙori da ya yi suna a tuƙi, ya ci tsere da 004 a Watkins Glen a Agustan 1963.

Ranar da aka jira ta zo a Disambar 1963, a makon tsere na Nassau a tsibiran Bahamas, inda dokokin suka bar ƙofa a buɗe. An dawo da motocin Detroit a asirce, aka faɗaɗa musu tayoyi da kumatun bodi, aka huda bonet don iska, aka sa musu injin alminiyam mai lita 6.2 da kafireta huɗu ƙirar Weber masu baki biyu-biyu, ƙarfin doki 485. Uku daga cikinsu, 003 da 004 da 005, suka sauka Nassau da sunan John Mecom, wani matashin attajirin mai daga Texas, kuma aka yi katari wasu injiniyoyin Chevrolet suka zaɓi wannan mako da wannan tsibiri don hutunsu. Roger Penske da Jim Hall da Thompson suna cikin direbobin. Akwatin haƙoran baya ya riƙa yin zafi har sai da aka ɗaura masa na'urar sanyaya mai a kan bodi. Bayan haka suka zo na uku da na huɗu da na shida a gasar kofin gwamna, na huɗu da na takwas a babbar gasar, kuma a duka biyun sun bar motocin Cobra a baya da tazara bayyananna.

Motar tana da aibinta, kuma masu yabonta sukan tsallake shi. Surar Sting Ray tana tara iska a ƙarƙashin hanci, mota mai sauƙi irin wannan kuwa sai gabanta ya riƙa ɗagawa idan gudu ya yi tsanani, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannun direba. Domin rage wannan ne aka yanke rufin 001 da 002 ana shirin tseren Daytona na 1964. Amma nasarar Nassau ta yi ƙara da yawa. Shugabannin kamfani suka sake tsawatarwa, wannan karon babu sauran kafa, aka sayar da motocin. Penske ya ci wata gasa a Nassau da 005 a ƙarshen 1964, ya kuma kai 001 Sebring a 1966 da injin lita 7, amma zuwa lokacin motoci masu inji a bayan direba, irin su Ford GT40, sun riga sun canja fagen.

Ko da an ƙera 125 ɗin, babu tabbacin Grand Sport za ta ci Le Mans kamar yadda ya yi buri. Matsalar iska kaɗai ta isa ta hana. Abin da dakatarwar ta hana shi ne damar gyara, wadda Shelby ya samu daga Ford har ya kai ga kofin duniya na rukunin a 1965.

6.0 Sauran shekarunsa

An naɗa shi babban injiniyan Corvette a 1967, muƙamin da ya daɗe yana yin aikinsa ba tare da sunan ba. A wannan shekara ya fito da L88, inji mai lita 7 da aka rubuta masa ƙarfin doki 430 a takarda alhali ya haura 500. Ba a sayar da shi da rediyo ko na'urar ɗumama ɗaki, don a kore mai saye na yau da kullum. An ƙera 20 a 1967, 80 a 1968, 116 a 1969. Wannan ita ce dabararsa ta tsere ba tare da an ce kamfani na tsere ba, kuma ta fi Grand Sport daɗewa domin ba ta fito fili ta ƙalubalanci kowa ba.

Burin da ya fi cin ransa shi ne mayar da injin Corvette bayan direba, inda nauyi zai zauna a tsakiyar mota. Ya gina motocin gwaji da dama a kan wannan tsari tun daga CERV I, shugabanni suna dubawa suna ajiyewa, saboda Corvette mai inji a gaba tana sayuwa yadda take. Ya yi ritaya a farkon 1975, Dave McLellan ya gaje shi. Corvette ɗaya tak ya taɓa mallaka, ƙirar 1974. Mai inji a tsakiya ba ta fito ba sai a Yulin 2019.

Ya rasu ranar 21 ga Afrilu, 1996, a yankin Detroit, yana da shekara 86, a shekarar da Chevrolet ta farfaɗo da sunan Grand Sport a kan motoci 1,000, shuɗɗa masu farin zane a tsakiya da ƙarfin doki 330. An ƙone gawarsa, aka ajiye tokar a gidan tarihin Corvette da ke Bowling Green a jihar Kentucky. Motocin nan biyar na 1963 duk suna nan: 002 tana gidan tarihin Simeone a Philadelphia, 004 tana cibiyar Revs a garin Naples na Florida, sauran ukun kuma suna hannun masu tara tsofaffin motoci.